Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan NBA: A Auna Wa Kowa Da Mudu Ɗaya

Zuwa ga Mista Adam Silver,
Kwamishinan gasar ƙwallon kwando ta NBA,
New York, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ni ɗaya ne daga cikin masu kashe barcinsu saboda gasarku. Wasan da ake farawa ƙarfe 7:30 na yamma a New York, a lokacin sanyi ƙarfe 1:30 na dare yake iske mu a Najeriya da Nijar, na Los Angeles kuwa sai ya haɗe da kiran assalatu. Ku da kanku kuka neme mu: kun haɗa kai da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, kun fara gasar Afirka ta BAL a 2021, kun buɗe makarantar horar da matasa a Senegal, kun buɗe ofishi a Legas. Tunda kun gayyace mu kallo, ba shisshigi ba ne idan muka faɗi abin da idonmu ya gani. Maganar alƙalan wasa ce ta kawo ni.

Na san aikin da wuya. Mutum uku ne ke lura da ƙarti goma masu tsayi da gudu a ɗan ƙaramin fili, kuma wanda ke riƙe da usur bai da ko daƙiƙa ɗaya cikakkiya kafin ya yanke shawara. Kakar wasa guda tana da wasanni 1,230 kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Duk mai hankali ya san za a yi kuskure, kuma da kuskure ne kaɗai da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba da mudu ɗaya ake aunawa ba. Taɓawar da ta zama keta, wato laifin taɓa abokin karawa, a watan Disamba, a watan Afrilu ba komai ba ce. Wadda aka busa wa usur a zangon farko, a daƙiƙun ƙarshe sai a kau da kai. Wadda aka yi wa tauraro laifi ce, wadda aka yi wa sabon yaro kuwa sai a ce ya ƙara haƙuri, haka wasan manya yake. Littafin dokokinku bai ce haka ba. Na duba, babu inda ya ce keta ta dogara da wata, ko minti, ko sunan ɗan wasa.

Mu ɗauki kakar 2023 zuwa 2024, don ita ce ta fi tona asirin lamarin. A watan Janairun 2024 Joel Embiid ya ci maki 70 a wasa ɗaya, bayan kwana huɗu Luka Doncic ya ci 73. Aka yi ta surutu cewa an ɗaure wa masu tsaron baya hannu, ko numfashi suka yi kusa da mai ƙwallo sai a busa. Ana cikin haka, daga wajen watan Fabrairu, sai usur ya yi sanyi. Jifan kyauta, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa keta ya tsaya a layi ya jefa ba mai tare shi, ya ragu a duk faɗin gasar, yawan maki ma ya sauka. Ba a sauya ko harafi ɗaya a littafin doka ba. 'Yan jarida suka tambaya, ofishinku ya ce ba a ba alƙalai wani sabon umarni ba. Ranar 9 ga Afrilu, Boston Celtics da Milwaukee Bucks suka buga minti 48 cur, jifan kyauta biyu kacal aka yi a wasan gaba ɗaya, Boston ba ta samu ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ga wata ƙungiya ba a tarihin gasar. A makon nan ne kuka fito da bakinku kuka yarda cewa an ɗan yi gyara a hanya.

Ni fa wasan bayan gyaran ya fi yi mini daɗi, ina son in ga an bar mai tsaro ya yi tsaro. Amma ku duba wanda aka cuta. Ƙungiya ta zauna da rani ta kashe miliyoyin daloli ta sayi 'yan wasa bisa yadda ake alƙalanci, koci ya tsara dabarunsa a kan haka, sai a tsakiyar tafiya a sauya ma'auni ba sanarwa. A 2021 da kuka so hana 'yan wasa dabarar faɗa wa mai tsaro da gangan don neman keta, tun kafin a fara kaka kuka sanar, kuka fitar da bidiyon misalai, kowa ya san inda aka dosa. James Harden da Trae Young sun sha wuya a makonnin farko, amma ba wanda ya ce an yi masa kwanton ɓauna. Me ya hana a yi haka a 2024?

Kada a ce ina kare na gida, bari in kawo misali da namu. Giannis Antetokounmpo ɗan asalin Najeriya ne ta wajen iyayensa, muna alfahari da shi. Doka ta ba mai jifan kyauta daƙiƙa 10. A zagayen fitar da gwani na 2021, 'yan kallo a Brooklyn da Atlanta da Phoenix suka riƙa ƙirga masa da babbar murya, sau da yawa ƙirgen ya wuce goma kafin ƙwallo ta bar hannunsa. Sau nawa aka busa? 'Yan kaɗan, jefi-jefi, kamar ranar da alƙali ya tuna. Idan dokar ba ta da amfani a soke ta, idan tana da amfani a yi aiki da ita kullum. Barinta a aljihun alƙali ya zaro ta ranar da ya ga dama zalunci ne ga abokan karawar Giannis, shi ma kansa ba a kyauta masa ba, don bai san daren da za ta faɗo masa ba.

Sai daƙiƙun ƙarshe, inda ciwon ya fi zafi. Ranar 28 ga Janairun 2023, Lakers da Celtics suna 105 da 105, LeBron James na Lakers ya kutsa zai jefa ta ƙarshe, Jayson Tatum na Boston ya doke masa hannu ƙarara. Shiru. Patrick Beverley na Lakers ya karɓo kyamarar wani mai ɗaukar hoto ya nuna wa alƙali, aka saka masa da laifin rashin ɗa'a. Boston ta ci 125 da 121 a ƙarin lokaci. Bayan an tashi, shugaban alƙalan daren ya ce lallai an taɓa shi, ba su gani ba. Ranar 27 ga Afrilun 2025, a wasa na huɗu na zagayen fitar da gwani tsakanin Detroit Pistons da New York Knicks, Josh Hart na New York ya bangaji Tim Hardaway Jr. yana jifan maki uku na ƙarshe. Nan ma shiru, New York ta ci 94 da 93, shugaban alƙalai David Guthrie ya ce bayan sun kalli bidiyo, ya kamata a busa. Da Detroit ta ci, da an koma biyu da biyu. Sai New York ta shige gaba uku da ɗaya, daga baya aka yi waje da Detroit.

Abin mamaki, kuna da kayan aikin da za su hana wannan. Tun 2014 kuka buɗe cibiyar duba bidiyo a Secaucus ta jihar New Jersey, allo birjik, kowane wasa ana ganinsa ta kusurwoyi da dama. Tun 2019 kuka ba koci damar ƙalubalantar hukunci, a 2023 kuka ƙara masa ta biyu idan ta farko ta yi nasara. Amma irin ketar da aka yi wa LeBron da Hardaway ba ta ƙalubalantuwa, saboda ba a busa ba, tsarin kuwa hukuncin da aka yanke yake dubawa. Sai ga shi ana tsayar da wasa minti uku ana leƙen yatsan wa ya taɓa ƙwallo kafin ta fita a zango na biyu, ketar da ta yanke hukuncin wasa sukutum kuma ba hanyar duba ta. Wannan darasi ne ga alƙali ko bai faɗa ba: idan ka busa za a iya tona ka nan take a gaban mutum dubu goma sha, idan ka haɗiye usur sai gobe. Wa zai busa? Ina roƙonku ku ba cibiyar nan ikon tsoma baki a harin ƙarshe na wasan da ke kunnen doki ko kusa da haka, ko an busa ko ba a busa ba. Hari ɗaya ne, ba zai tsawaita wasa fiye da tallace-tallacen da kuke cusawa ba.

Na ce sai gobe, don goben ce ranar rahotonku na minti biyun ƙarshe, mai bayyana inda alƙalai suka yi daidai da inda suka yi kuskure, wanda kuka fara fitarwa a watan Maris na 2015. Na yaba da shi lokacin, har yanzu ma ina ganin gara shi da babu, duk da ƙungiyar alƙalan ta nemi a daina shi tun 2016. Sai dai minti biyu ne daga cikin 48, kuma a wasannin da maki ya yi kusa kaɗai. Tauraron da aka ɗora wa keta ta uku ta ƙarya a zango na biyu ya koma benci, ƙungiyarsa ta zube da maki 15, wasansa ba zai ma shiga rahoton ba. Alhali kuna da ma'aikatan da ke bin kowane wasa suna auna hukuncin alƙalai daga farko har ƙarshe. Bayanan suna hannunku. Me ya sa mu sai ɗan gutsure?

Sa'an nan amsa laifin ba ya sauya komai. Ranar 12 ga Fabrairun 2024, Knicks da Houston Rockets suna 103 da 103, aka busa wa Jalen Brunson na Knicks keta a kan jifan Aaron Holiday, saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Houston ta ci 105 da 103. A daren shugaban alƙalai Ed Malloy ya ce hukuncin kuskure ne. Knicks ta shigar da ƙara, kuka kore ta, hujjarku ita ce alƙali ya yi kuskuren gani ne, bai saɓa wa doka ba. Rabon da ku karɓi irin wannan ƙara tun wasan Miami Heat da Atlanta Hawks na Disamban 2007, lokacin da masu rubuta maki suka fitar da Shaquille O'Neal na Miami da keta shida alhali biyar gare shi. Aka sake buga daƙiƙa 51.9 na ƙarshe a watan Maris na 2008, lokacin kuwa Shaq ɗin da ake ƙarar dominsa ya riga ya koma Phoenix. Abin dariya, amma aƙalla an nuna ana iyawa. A wasan Houston ba a ma bukatar dogon lissafi, ƙarin lokaci na minti biyar kawai za a buga. Idan alƙali ya amsa, ofishi ya amsa, bidiyo ya nuna, kuma lokaci ya zo ƙarshe ta yadda babu wani "da an yi kaza da kaza ya faru", to ƙofar ƙarar da ba ta buɗuwa ko a irin wannan rana ado ce kawai.

Yanzu ga inda nake ganin rashin adalcin ya fi fitowa fili. Wanda ya yi magana, tararsa a bainar jama'a ake sanar da ita, da sunansa da adadin kuɗin. Fred VanVleet ya soki wani alƙali da suna a Maris na 2023, dala 30,000. Kocin Toronto, Darko Rajakovic, ya fusata a Janairun 2024 bayan Lakers ta yi jifan kyauta 23 a zango na huɗu, ƙungiyarsa ta yi 2, aka doke su da maki ɗaya tal, dala 25,000. Ban ce kalamansu duka sun dace ba, VanVleet ya haɗa da ashar. Amma shi alƙalin da ya yi kuskuren fa? Kun taɓa cewa ana hukunta su, ana rage musu manyan wasanni, sai dai ba ku ga dacewar bayyanawa ba. To mu ta yaya za mu sani? Ɗan wasa kowace ƙwallo da ya zubar tana rubuce a intanet har abada. Koci yana zama gaban 'yan jarida bayan kowace asara. Alƙali kuwa ɗan jarida ɗaya ake tura masa da 'yan tambayoyi, shi ma sai in rigima ta tashi.

Kuma ba a ce ba a taɓa yi ba. A Afrilun 2007 Joey Crawford ya kori Tim Duncan daga wasa a Dallas, mutumin yana zaune a benci yana dariya. Marigayi David Stern, wanda kuka gada a 2014, ya dakatar da Crawford har ƙarshen kakar, ya kuma sanar wa duniya. Gasar ba ta rushe ba, Crawford ya dawo ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya. Tun daga nan laifin rashin ɗa'a bai daina zama abin da ya dogara da yanayin zuciyar alƙali ba. An ba Tatum wannan laifi saboda ya tafa hannu yana jin haushin kansa, har sai da ofishinku ya soke. An kori Giannis a Nuwamban 2023 saboda ya zuba wa abokin karawa ido na ɗan lokaci bayan ya danna ƙwallo a kwando. An kori Nikola Jokic a Chicago wata guda bayan haka, har magoya bayan Chicago da kansu suka yi wa alƙalai ihu, don kuɗinsu suka biya su kalle shi. A dare guda kuma za ka ga wani yana bin alƙali da masifa daga wannan kwando zuwa wancan, ba abin da ya same shi. Tunda irin wannan laifi 16 a kaka guda na jawo dakatarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranku ya daɗe, da a ce zamanin da ne, da sai a ce ƙorafin masoya ne, kowa da ƙungiyarsa. Amma yanzu caca ta shigo ɗaki. Ku kuka rubuta a jaridar New York Times a Nuwamban 2014 cewa a halatta cacar wasanni a sa mata ido. Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar a Mayun 2018, bayan 'yan watanni kuka ƙulla yarjejeniya da kamfanin caca na MGM, yau ba a kallon wasa ba a ga tallan caca ba. A Afrilun 2024 kuka kori ɗan wasa Jontay Porter daga gasar har abada saboda ita. Wata guda kafin nan, Rudy Gobert ya murza yatsu alamar kuɗi ga alƙali a Cleveland, kuka ci shi tarar dala 100,000. Bai kyauta ba, zargi ba hujja ba shi da kyau. Amma tarar ba ta goge abin da ya sa mutane da yawa suka gyaɗa kai ba.

Abin da ya sa suka gyaɗa kai sunansa Tim Donaghy. Shekara 13 yana alƙalanci a gasarku, a 2007 ya amsa laifi a kotun tarayya, an tabbatar yana caca a kan wasannin da shi kansa yake busawa, aka ɗaure shi wata 15. Kuma hukumar FBI ce ta gano shi a wani bincike nata, ba masu sa idonku ba. Binciken da kuka sa lauya Lawrence Pedowitz ya yi a 2008 bai samu wani alƙali da irin laifinsa ba, ni ma ba na zargin kowa a cikin na yanzu. Sai dai tun daga ranar duk wani tsohon tabo ya koma sabo. Har gobe mutanen Sacramento ba su manta wasa na shida na zagayen fitar da gwani na 2002 ba, da Lakers ta yi jifan kyauta 27 a zangon ƙarshe, ƙungiyarsu Kings ta yi 9. Mutanen Dallas ba su manta wasa na biyar na ƙarshen gasar 2006 ba, da Dwyane Wade na Miami shi kaɗai ya yi 25, daidai da na ƙungiyar Dallas gaba ɗaya. Yawan jifa shi kaɗai ba hujjar maguɗi ba ne, ƙungiyar da ke kutsawa ƙarƙashin kwando dole ta fi samun keta. Amma hukumar da ke karɓar kuɗin kamfanonin caca da hannun dama ba za ta rufe takardun alƙalanta da hannun hagu ta ce a yarda da ita kawai ba.

Akwai hujjar da ta nuna bayyana gaskiya na gyara alƙali, kuma daga gasarku ta fito. A 2007 masana tattalin arziki biyu, Joseph Price da Justin Wolfers, suka bi alƙaluman wasanninku na fiye da shekara goma, suka gano ana ɗan fi busa wa ɗan wasa keta idan launin fatarsa ya bambanta da na alƙalan. Bambancin kaɗan ne, kuma ba su ce da gangan ake yi ba. Ofishinku ya musanta da ƙarfi. Bayan 'yan shekaru suka sake dubawa tare da Devin Pope, suka tarar a kakannin da suka biyo bayan yayata binciken, bambancin ya ɓace. Ba a kori kowa ba, ba a ci tarar kowa ba. Alƙalai sun san ana kallo ne kawai.

Don haka abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. A fitar da rahoton wasa dukansa, kowane wasa, ba minti biyu ba. A ƙarshen kaka a bayyana sakamakon kowane alƙali da ma'aunin da aka bi aka zaɓi masu busa wasannin ƙarshe, yadda za mu san cancanta ce ko daɗewa. Wannan zai kare nagartattun cikinsu ma, waɗanda yau ake yi musu kuɗin goro da sauran. Duk wani sauyi a yadda ake fassara keta a sanar da shi a rubuce kafin ya fara aiki, kuma in ba dole ba a jira ƙarshen kaka. Idan ɗan wasa da alƙali suna da tsohuwar tsama da kowa ya sani, kamar ta Chris Paul da Scott Foster wadda Paul ya fito ya ce ta wuce ta wasa, a daina haɗa su a wasan da ake fitar da gwani, ba don an samu wani da laifi ba, don a huta da zargi. Sa'an nan a sake duba maganar ƙara da ta harin ƙarshe da na ambata a sama.

Wannan magana ta shafe mu ta wata fuskar kuma. Gasar BAL tana horar da alƙalai 'yan Afirka, ƙungiyoyin Najeriya irin su Rivers Hoopers da Kwara Falcons sun buga a cikinta, kuma tsarin da kuka saba da shi a gida shi zai bi ku zuwa Kigali da Dakar. Ina so in ji ko rahoton da na roƙa zai shafi BAL ita ma, da kuma ranar da za a fara.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar gasarku daga Kano.